Tambaya da Amsa: Hokin Ƙanƙara da Akwatin Talabijin

A wannan fitowar mun haɗa wasiƙu uku da suka zo a kan batu ɗaya, wato wasan hoki da ake yi a kan ƙanƙara, da yadda gidajen talabijin ke nuna shi.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana karatu a Toronto, kuma ya shaida mini cewa a Kanada babu wasan da ya kama ƙafar hokin ƙanƙara. Amma duk lokacin da na kama tashoshin wasanni na Amurka, ƙwallon kwando da ƙwallon Amurka nake tararwa. Da na yi katari da hokin kuwa, sai na ga mutane suna ta zamiya da sanduna, ban ga abin da suke bugawa ba. Shin talabijin ne ya ƙi wasan, ko mutane ne ba sa son sa? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka zargi idonka, domin abin da ya same ka shi ne ya daɗe yana ci wa masu wasan tuwo a ƙwarya. Abin da suke bugawa ɗan faifai ne na baƙar roba mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, nauyinsa kimanin giram 170, kuma ana daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Idan ƙaƙƙarfan ɗan wasa ya maka masa sanda, yakan yi gudun da ya haura kilomita 160 a sa'a guda. Filin kuma tsawonsa mita 61 ne, faɗinsa mita 26, an kewaye shi da katanga, saboda haka duk lokacin da faifan ya manne da katangar da ke ɓangaren kyamara, sai ya ɓace wa mai kallo baki ɗaya. A zamanin tsofaffin akwatuna masu dishi-dishi, sau tari sai mutum ya ga jar fitilar da ke bayan raga ta kama, 'yan wasa sun ɗaga sanduna sama, sannan ya gane an ci.

Akwai kuma abin da kyamara ba ta iya ɗauka ko da hotonta ya kai tsaf. Kowace ƙungiya tana da mutum shida a fili har da mai tsaron raga, amma saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya wuce daƙiƙa arba'in zuwa minti ɗaya sai ya fita. Ana canjin ne wasa na gudana: wanda ya gaji ya doshi benci, wani ya tsallako katanga ya faɗo kan ƙanƙara, alƙali bai hura usur ba. Wanda ke zaune a filin yana ganin wannan duka, yana ganin gurbin da canjin ya bari da wanda ke shirin kutsawa ta wurin, alhali kyamara tana can tana bin faifai. Wannan ne ya sa mutane da yawa a Amurka suke cewa sai da suka shiga filin da ƙafarsu suka fara son wasan.

Gidan talabijin na Fox, wanda ya sayi haƙƙin nuna NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, a Amurka a 1994, ya yi yunƙurin magance matsalar da fasaha. A watan Janairun 1996 ya fito da wani tsari mai suna FoxTrax: aka dasa na'ura a cikin faifan, kwamfuta tana lulluɓe shi da shuɗin haske a kan allo, idan kuma aka yi bugu mai ƙarfi sai ya ja jan wutsiya a bayansa. Tsofaffin masoya wasan, musamman 'yan Kanada, sun ɗauki abin a matsayin raini, suka yi ta yi masa ba'a, kuma a 1998 aka daina. A ganina Fox ta gano cutar daidai, maganin ne ya zo da ɗaci. Abin da ya kawo sauƙi daga baya shi ne manyan allunan zamani masu faɗi da tsabtar hoto, waɗanda suke nuna faifan da kansa tare da rabin fili a lokaci ɗaya.

To amma da matsalar ta gani ce kaɗai, da Kanada ma ba ta kalla ba, domin da irin waɗannan akwatunan suka kalla. A can an fara watsa wasannin daren Asabar a rediyo tun 1931, da muryar Foster Hewitt, sannan shirin Hockey Night in Canada ya shiga talabijin na CBC a 1952. Bambancin shi ne ɗan Kanada ba ya neman faifai da ido, jikin 'yan wasa yake karantawa, domin shi ma ya taso yana zamiya a kan tafkin da ya daskare ko a filin unguwa, ya san inda faifan zai nufa tun kafin a buga. Ranar 28 ga Satumba 1972, lokacin da Kanada ta kara da Tarayyar Sobiyet a wasa na takwas kuma na ƙarshe a Mosko, makarantu sun tara ɗalibai a gaban talabijin, suka ga Paul Henderson ya ci ana saura daƙiƙa 34 a tashi. A wasan ƙarshe na Olamfik ɗin Vancouver a 2010, wanda Kanada ta doke Amurka da ci 3 da 2, matsakaicin masu kallo a Kanada ya kai miliyan 16.6, kusan rabin al'ummar ƙasar a lokacin.

Amurka kuwa wasan yanki ne a cikinta. Daga 1942 zuwa 1967 ƙungiyoyi shida ne kacal a gasar NHL, biyu a Kanada, huɗu a Boston, New York, Detroit da Chicago, duka a arewa mai sanyi. Gidan talabijin na ƙasa yana son abin da mutumin Texas da na California za su zauna su kalla, shi ya sa hukumar gasar ta dage wajen kai ƙungiyoyi kudu, musamman bayan an sayar da shahararren ɗan wasa Wayne Gretzky daga Edmonton zuwa Los Angeles a watan Agustan 1988. Sakamakon ya zo a gauraye. Atlanta ta samu ƙungiya a 1999, ta rasa ta a 2011 aka mayar da ita Winnipeg. Ta Arizona ta yi ta fama har aka kwashe 'yan wasanta zuwa Utah a 2024. Amma Tampa, Las Vegas da Florida duk sun ɗauki Kofin Stanley, wato kofin gasar NHL, a 'yan shekarun nan, alhali rabon wata ƙungiyar Kanada da shi tun 1993, abin da ƙanenka zai iya ba ka labarin zafinsa. Duk da haka wasan ƙarshe na kofin, ko da ya kai karawa ta bakwai, da wuya ya tara mutum miliyan goma a Amurka, yayin da Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, ke haura miliyan ɗari.

Ba zan wanke masu gasar ba, domin sun sha sa hannu wajen ɓoye hajarsu. A 1988 sun bar tashar wasanni ta ESPN suka koma wata tasha mai suna SportsChannel America saboda ta fi biya, alhali gidajen da take shiga ba su kai na ESPN ba ko kusa. A Chicago, mai ƙungiyar Blackhawks, Bill Wirtz, ya yi shekaru yana hana nuna wasannin gida a talabijin, bisa hujjar cewa hakan zalunci ne ga waɗanda suka sayi tikiti. Abin da ya biyo baya shi ne yaran birnin suka taso ba su san 'yan wasansu ba, kujeru kuma suka zama fayau. Da ya rasu a 2007, ɗansa Rocky ya buɗe ƙofa ga kyamarori, filin ya koma cika maƙil. Gaskiya ne cewa a daidai lokacin ƙungiyar ta samu matasa biyu masu hazaƙa, Jonathan Toews da Patrick Kane, waɗanda suka kai ta ga kofi a 2010, 2013 da 2015, amma da an ci gaba da rufe su, da mutanen gari ba su san da zamansu ba sai a jarida. Saboda haka amsar tambayarka ita ce, talabijin ba ya dasa son wasan a inda babu ƙanƙara da yaran da ke hawa kanta, amma rashinsa yana iya kashe son a inda yake da saiwa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina koyar da darasin kasuwanci, kuma ina so in san ko nawa gidajen talabijin ke biya don nuna wannan wasa, da kuma yadda suke mayar da kuɗinsu. Daga wata malama a Maraɗi.

Amsa: Malama, barka kadai. A Kanada, kamfanin sadarwa na Rogers ya ƙulla yarjejeniya a 2013 ta dalar Kanada biliyan 5.2 na tsawon shekara 12, wadda ta karɓe haƙƙin daga hannun CBC bayan fiye da shekara sittin. CBC ta ci gaba da nuna wasannin Asabar, amma kuɗin talla Rogers ce ta riƙa karɓa. A 2025 an sabunta yarjejeniyar a kan dalar Kanada biliyan 11, wata shekara 12 ɗin. A Amurka, tun 2021 haƙƙin yana hannun ESPN da Turner na shekara bakwai, a kan abin da ya ɗan haura dala miliyan 600 a shekara idan an haɗa. Kuɗi ne mai kauri, amma gasar ƙwallon Amurka ta NFL tana karɓar kimanin dala biliyan 10 a shekara, kuma ta kwando, NBA, ta sa hannu a 2024 a kan kimanin dala biliyan 76 na shekara 11.

Abin da zai fi amfanar ɗalibanki shi ne abin da ya faru a 2004. Rikicin albashi tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa ya cinye kakar 2004 zuwa 2005 ɗungurungum, ba a buga ko wasa ɗaya ba, ba a ba kowa kofi ba. Da aka dawo, ESPN ta ce ta yafe, gasar ta koma wata tasha da aka fi sani da shirye-shiryen farauta da kamun kifi da tseren keke, mai suna OLN, ita kuma tashar NBC ta karɓi nata kason ba tare da biyan kuɗin haƙƙi ba, sai dai a raba abin da talla ta kawo. Daga wannan ƙasƙanci ne aka ƙirƙiro wasan ranar 1 ga Janairu a sararin Allah, wanda aka fara a Buffalo a 2008 a gaban mutum fiye da dubu 71, dusar ƙanƙara na zuba. Wasa ne da aka tsara domin kyamara tun daga tushe, kuma ya taimaka har NBC ta amince a 2011 ta biya dala biliyan 2 na shekara goma.

Hanyar mayar da kuɗi kuwa talla ce da kuɗin masu biyan tasha. Ana raba wasan kashi uku, kowanne minti 20, da hutu biyu a tsakani, lokacin da wata mota ke zagaya filin tana kankare ƙanƙarar tana malala ruwan ɗumi don ta sake yin sumul. Ban da wannan, a kowane kashi ana tsayar da wasa sau uku musamman domin talla. Har katangar filin ma yanzu kwamfuta ke sauya tallan da ke jikinta a kan allo, ta yadda mai kallo a Toronto da mai kallo a Boston ba abu ɗaya suke gani ba, dabarar da ta fara aiki a duk gasar a 2022 kuma ta sha suka daga masu kallo.

Tambaya: Ranka ya daɗe, akwai ɗan Afirka a wannan wasa kuwa? Kuma kana ganin wata rana za mu kalle shi a gidan kallo da sharhin Hausa? Daga wani matashi a Zangon Kumasi.

Amsa: Akwai, samari. Baƙar fata na farko a gasar NHL shi ne Willie O'Ree, ɗan Kanada, wanda ya fara buga wa Boston a 1958. Wanda ya fi shahara cikin masu jinin Najeriya shi ne Jarome Iginla, haifaffen Edmonton wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Ya daɗe yana kyaftin ɗin Calgary, ya ci sau 625 a gasar, kuma shi ya miƙa wa Sidney Crosby faifan da ya ci Amurka da shi a wancan wasan na 2010. Akwai Akim Aliu da aka haifa a Okene, da Kyle Okposo, shi ma mahaifinsa ɗan Najeriya ne, wanda ya ɗauki kofi da Florida a 2024. A nahiyar kanta Afirka ta Kudu ta daɗe da tawagar ƙasa, kuma a Nairobi akwai ƙungiya mai suna Ice Lions da ke atisaye a ɗan filin ƙanƙarar wani otal.

Batun sharhi ba tatsuniya ba ne, domin an yi irinsa. Tun 2008 ake watsa wasannin daren Asabar a Kanada da harshen Punjabi, kuma mai sharhin da ya fi suna a shirin, Harnarayan Singh, daga baya ya koma yin sharhi da Turanci a tashar ƙasa. Amma abin da ya ɗauki nauyin wannan shiri shi ne ɗimbin iyalan Punjabi da ke zaune a kewayen Vancouver da Toronto, waɗanda 'ya'yansu ke buga wasan, iyaye da kakanni kuma suna son su fahimci abin da ake yi wa ihu. Idan Hausawan Kanada suka yi yawa haka, wani zai ga riba a ciki. Gidan kallo kuwa yana da wani cikas na daban: wasan da aka fara da ƙarfe 7 na yamma a Toronto a watan Janairu, ƙarfe 12 na dare ne a Kumasi, ƙarfe 1 a Kano, kuma yakan ɗauki awa biyu da rabi kafin a tashi. Mai gidan kallon da zai ƙona man janareta a wannan lokaci zai so ya fara ganin mutum nawa ne a kan benci.