Kafin ka kwaikwayi injin wani, duba takardarsa

Tambaya biyu ka haɗa min wuri ɗaya, yaro. Ka ga injin casar shinkafa ɗan Indiya a kasuwa, kana so ka ƙera irinsa, wani ya tsorata ka wai za a kama ka. Sannan kana tambaya ko gyaran da ka yi tunanin yi wa rariyarsa za a iya yi masa rajista ya zama naka. Da wata magana ce da na tura ka wurin manyanka na shago, amma wannan ta fama min tsohon miki, don haka ajiye wayar nan ka saurara.

Lokacin da nake ganiyar ƙarfina a Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna, na ƙera injin ɓare gyaɗa da ba a taɓa ganin irinsa a layinmu ba. Matsalar injinan wancan lokaci ita ce fasa ƙwaya. Ka zuba buhu, ka kwashi rabi ɓarzajje, mata masu ƙuli su yi ta yi maka tsiya, mai neman iri kuwa ko kallonka ba zai yi ba. Sai na cire ƙarfen da ke dukan gyaɗar na ɗaura yankakkiyar tayar mota a jikin gangar, na kuma sa noti mai dogon zare a gefe, yadda za ka matso da rariya ko ka ja ta baya gwargwadon girman gyaɗar. Ƙwaya ta riƙa fitowa da jar rigarta, ko ƙwarzane babu.

Ana haka wani ɗan kwangila ya zo da babbar riga da ƙamshin turare, ya ce ƙananan hukumomi zai raba wa, yana son da yawa, amma a ba shi guda ɗaya ya kai a gani. Ya biya rabin kuɗi, ya yi ta rantsuwa. Na saki sauran ayyukana, na ci bashin falankin ƙarfe da boris da fuli, na ɗauki ƙarin yara. Mutumin nan ashe wani gareji ya kai injina aka kwance shi ƙusa-ƙusa, aka zana, ya tafi Abuja ya yi rajistar fatent da sunansa, wato takardar gwamnati mai hana kowa ƙera abin da ka ƙirƙira sai da izininka. Abin da na gani bayan nan shi ne wasiƙar lauya, wai in daina ƙera injin da na ƙirƙira da hannuna, in ba haka ba kotu. Magana ta bazu a kasuwa, masu saye suka janye, kaka ta wuce, ƙarfe ya yi tsatsa a bayan shago, masu bashi kuma ba ruwansu da wasiƙa. Ragowar kuɗina har yau yana wuyansa, kuma ban yafe ba.

Za ka ce ta yaya aka ba shi takarda? Dokar fatent ta Najeriya ta 1970 wanda ya riga shigar da takarda take fara ba wa haƙƙi, kuma ofishin rajista cikar takardu yake dubawa, ba ya binciken ko abin sabo ne. Dokar da kanta ta ce ana ba da takardar ne ba tare da tabbacin ingancinta ba, mai ja ya tafi Babbar Kotun Tarayya. Akwai tanadi ga wanda aka ɗauke wa fasaha ba da yardarsa ba, amma sai ka iya hujja, kuma sai kana da kuɗin lauya.

Abin da ya fi ƙona min rai daga baya ya zo. Wani injiniya ɗan maƙwabcina ya zaunar da ni gaban kwamfuta ya buɗe min zane-zanen injinan ɓare gyaɗa na Amurka, wasu tun kafin a haifi mahaifina. Ga ganga, ga rariya mai matsowa, kowane ƙarfe da lambarsa da bayanin aikinsa. Ya ce da an nuna wa lauyan can waɗannan, da bakinsa ya mutu, domin abin da aka riga aka wallafa a ko'ina a duniya ba sabo ba ne a idon doka. Wato da takardar banza ya kore ni daga kasuwa.

To ga amsarka ta farko. Duk wanda ya nemi fatent, sharaɗin shi ne ya bayyana yadda abin yake aiki dalla-dalla, har wanda ya san sana'ar ya iya ƙera shi. A madadin haka a ba shi shekara 20 daga ranar da ya shigar da takarda, kuma in ya daina biyan kuɗin shekara-shekara ta faɗi tun kafin lokacin. Bayan nan fasahar ta kowa ce. Haka kuma takardar ba ta tsallake iyaka: wanda ya yi rajista a Indiya ko Sin kaɗai, bai yi a nan ba, ba shi da abin da zai kama ka da shi a Kaduna. Injin Lister ɗin da ke niƙa a ƙauyenku, kamfanonin Rajkot na Indiya sun daɗe suna ƙera irinsa suna sayar mana, ba wanda ya ɗaure su. Abin da ba za ka taɓa ba shi ne sunan kamfani da tambarinsa. Wannan wata rajista ce daban, ana sabunta ta, kuma liƙa sunan wani a jikin aikinka ha'inci ne ko babu doka.

Zanen kuwa kyauta yake a shafukan intanet. Akwai Espacenet na ofishin fatent na Turai mai takardu sama da miliyan 100, akwai Patentscope na WIPO, hukumar kare haƙƙin ƙirƙira ta duniya da ke Janiba, akwai Google Patents. Ka duba jikin injin ko littafinsa, ka kwafi sunan kamfani ko lambar fatent in akwai, ka nema. Ka lura da shekarar shigarwa da ƙasashen da aka yi rajista, sannan ka sa a bincika maka a ofishin Abuja ko an shigar da shi a nan. Yadda za ka auna shaf ko ka daidaita bel ba zan ɓata bakina a kai ba, in ba ka iya ba har yanzu ka koma sayar da rake. Abin haushi, ku yaran yanzu kuna riƙe da duk wannan a aljihu, amma datarku a kallon rawa take ƙarewa. Mu da sai mun bi bola mun sayi mataccen inji mun fasa kafin mu ga cikinsa.

Maganar rariyarka kuma, ka fara nema ka gani ko wani ya riga ka, don yawanci an riga ka. In ba ka samu ba, ka rufe bakinka. Kada ka ɗauki bidiyo ka sa a Facebook, kada ka ba kowa ya kai a gani, domin da zarar ka bayyana shi ga jama'a ka kashe sabuntarsa da hannunka. Ka zana, ka sa kwanan wata, ka nufi NOTAP, hukumar da aka kafa a 1979 don harkar shigo da fasaha. Suna taimaka wa masu ƙirƙira da bincike da shigar da takarda, kuma sun buɗe ofisoshin wannan aiki a jami'o'i da kwalejojin fasaha da dama. In kana hangen kasuwar Maraɗi, takardar Abuja ba ta aiki a can. Nijar tana ƙarƙashin OAPI ne, ƙungiyar rajistar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka mai hedkwata a Yawunde, rajista ɗaya ta ƙasashe 17.

Gobe ka zo min da zanen injin casar nan a buge a takarda, ba a waya ba, idona ba ya ganin waɗannan ƙananan lambobin. Kuma ka dawo min da sifana mai lamba 17 da ka ɗauka.