Ba mu yi zaɓe ba, amma an rubuta wa rumfarmu ƙuri'u: me doka ta ce?

Tambaya: Barista, assalamu alaikum. Ni ne ejan ɗin jam'iyyarmu a rumfar zaɓen ƙauyenmu, a wata mazaɓar ɗan majalisar wakilai ta Zamfara. Ranar zaɓe ma'aikata ba su zo ba, aka ce hanya ba lafiya saboda 'yan bindiga. Muka yini a firamare har la'asar sakaliya, sannan muka watse. Da aka je tattara sakamako sai ga rumfarmu da ƙuri'u a rubuce, kusan duk na abokin hamayya, kuma da ƙyar aka kayar da ɗan takararmu. Yau kwana tara da sanarwa. Mutanen gari sun ce mu haɗa kuɗi mu kai ƙara. Za mu iya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ku dakatar da karo-karon nan tukuna, domin ko kun tara kuɗin, kotu ba za ta saurare ku ba. Dokar Zaɓe ta ba ɗan takara ko jam'iyyar da ta shiga zaɓen ne kaɗai damar shigar da ƙorafi. Mai ƙuri'a ba shi da wannan hurumi, ko da shi aka cuta. Na san abin da ciwo, amma haka yake.

Abin da ya fi damuna kwanakin ne. Sashe na 285 na Kundin Tsarin Mulki ya ba da kwana 21 kacal daga sanar da sakamako, har da Asabar da Lahadi, kuma babu alƙalin da ke da ikon ƙara ko yini guda. Saura 12. A cikinsu lauya zai rubuta ƙorafin, ya haɗa jerin takardu da rubutacciyar shaidar kowane mai shaida da ya rantse a kai, a shigar da su tare. Wanda ba a sa bayaninsa a lokacin ba, da wuya a saurare shi daga baya. Don haka gobe, in Allah ya kai mu, ka nemi ɗan takararku ido da ido, ka tambaye shi ko ya ɗauki lauya.

A nan ne kai kake da daraja. Kotun zaɓe ba ta karɓar "an ce". Ejan ɗin mazaɓa ko na ƙaramar hukuma ba zai iya ba da shaidar abin da ya faru a rumfar da bai tsaya ba. Kai da ka yini a wurin, kai ne shaida, tare da masu katin zaɓe na rumfar. Ka adana katinka na ejan da duk hoton da aka ɗauka ranar, kada a sayar da wayar ko a goge komai.

Baki kaɗai kuwa ba ya isa. Lauya zai nemi INEC ta ba shi kwafi mai hatimi na fom EC8A, wato takardar sakamakon rumfarku, da rajistar masu zaɓe, da rahoton na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe. In fom ya nuna ƙuri'u ɗari biyu, na'ura kuma ta nuna ba ta tantance kowa ba, ƙarya ta ƙare. A shari'ar gwamnan Osun a 2023 Kotun Ƙoli ta nuna cewa mai zargin aringizon ƙuri'u sai ya gabatar da na'urar ko bayanan cikinta tare da rajista da fom. A duba sa hannun da ke kan fom ɗin ma. In an sa sunanka a matsayin ejan, wannan jabu ne, laifi ne da za a iya kai wa 'yan sanda daban.

Sai dai kada in ɓoye maka: rumfa ɗaya ba lalle ta rushe zaɓe ba. Dole a nuna saɓa dokar ya taɓa sakamako sosai. Lissafin shi ne, in aka cire ƙuri'un bogi, ratar da ta rage nawa ce, kuma masu kati a rumfunan da ba a yi zaɓe ba sun fi ta yawa? In sun fi, kotu na iya soke nasarar ta ce a je a yi zaɓe a waɗannan rumfuna. Saboda haka ka tuntuɓi ejan-ejan na maƙwabtan ƙauyuka, mai yiwuwa ba ku kaɗai aka yi wa haka ba.

Kotun tana da kwana 180 ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. Kada kowa ya sa rai da Kotun Ƙoli don ya tuna hukuncin Mayun 2019 da ya kwashe kujerun APC a Zamfara. Wancan rigimar fidda gwani ce. Ƙorafin zaɓen majalisar tarayya a Kotun Ɗaukaka Ƙara yake tsayawa.

In ɗan takarar ya ce ya haƙura, ku je wa shugabannin jam'iyya a Gusau, don ita ma tana iya shigarwa da sunanta. Kuɗin da kuka so tarawa kuma ku ajiye shi don motar masu shaida, domin za a buƙaci kowannensu ya zo da ƙafarsa ya rantse, ya kuma dawo ranar da lauyan ɗaya ɓangaren zai yi masa tambayoyi.