Amsa ga mai tambaya kan masu taya kaya su tafi

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ka buɗe shagon kayan ɗaki a Tudun Wadan Zariya, mutane suna zuwa su taya ko su tambayi farashi a WhatsApp, daga nan ba ka sake jin ɗuriyarsu, shi ya sa kake neman hanyar jawo sababbin kwastomomi. Sana'ar da na daɗe ina yi ke nan a Sabon Gari, kuma a ganina waɗanda suka taya suka tafi su ne ya kamata ka fara nema kafin ka kashe ko kwabo a talla.

Gado da katifa da kujeru ba kayan da ake saya a ranar da aka gani ba ne. Uban da zai aurar da 'yarsa yakan fara zagaya kasuwa tun da sauran watanni, ya ji farashi a wurinka, ya ji a Samaru, wani ma har ya leƙa Kano, sannan ya koma ya yi shawara da uwar yarinya da gwaggonninta. Don ka ce masa albarka ya fita, ciniki bai mutu ba, lokacinsa ne bai yi ba. Saboda haka ka ajiye littafi, duk wanda ya shigo ka nemi izininsa ka rubuta sunansa da lambarsa da abin da ya duba da kuɗin da ya taya, sannan ka tambaye shi yaushe aka sa rana, domin wannan ce tambayar da ta fi duk sauran amfani. Idan biki ya rage wata ɗaya da rabi ka kira shi, ku gaisa, ka tuna masa cewa kafinta yana bukatar lokaci. A WhatsApp Business akwai wurin sa wa kowa alama, sai ka ware wanda ya tambaya kawai da wanda ya ba da kafin alƙalami da wanda yake jiran a kai masa kaya. Kada dai ka dame shi da saƙo kullum, kira biyu ko uku cikin mutunci sun wadatar.

Game da sababbin mutane kuwa, a garin nan shaidar baki ta fi hoton Facebook ƙarfi. Ranar jere mata da yawa suke ganin aikinka, kuma lalle sai wata ta tambayi inda aka yi shi, don haka ka kai kaya a ranar da ka yi alƙawari, ka tura yaro ya haɗa gadon da kyau, bayan mako guda ka kira ka ji ko akwai abin gyara. Ka kuma ƙulla hulɗa da teloli da dillalai da masu sayar da kayan kicin, ku yanke la'ada tun farko, ka biya a ranar da aka sallama kaya.

Sai ka lura da lokaci. Bukukuwa suna yawa kafin azumi da bayan Sallah, mutanen Giwa da Soba da Makarfi kuwa sai kaka ta yi sun sayar da amfanin gona suke shigowa da kuɗi a hannu, don haka tun damina ya kamata sunayensu su shiga littafinka. Allah ya kawo kasuwa mai albarka.