Amsa ga 'yar'uwar da aka ce ta kawo mutum biyu

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce an gayyace ki kamfanin da ke sayar da magungunan ƙarin lafiya da sabulai, ki biya rajista, ki kawo mutum biyu, wai kafin shekara ta zagayo kin bar koyarwa. To, kada ki ajiye aikin nan tukuna.

Kuɗin wannan harka ta ƙofa biyu yake shigowa: ribar kayan da kika sayar da hannunki, da kamashon sayayyar waɗanda ke ƙarƙashinki, wato mutanen da kika kawo da waɗanda su ma suka kawo. A taro ƙofa ta biyu ake yi wa kirari, da hoton mota da tafiya Dubai. Amma a watannin farko ta farkon kaɗai gare ki, kuma siririya ce. Mu ƙaddara kina ɗauko kwalba a naira 10,000 farashin mamba, ki sayar 12,500. Kwalba takwas a wata, ribar 20,000 ke nan. Cire data, kuɗin adaidaita zuwa ofis da kai kaya, tikitin taro, da kwalbar da kika buɗe don a gwada. Sannan bashi: kwastomominki na farko dangi ne da maƙwabta, kuma "zan turo ƙarshen wata" na gwaggo ba a kai shi gaban alƙali.

Inda aka fi yin asara shi ne sayayyar wata-wata. Kamfanoni da yawa ba sa biyan kamasho sai kin cika wasu maki duk wata. Idan ciniki bai kai ba, wanda ya kawo ki zai ce ki cike da kuɗinki kada matsayi ya faɗi. A haka kwalaye ke taruwa ƙarƙashin gado, wa'adinsu na ƙaratowa, a ƙarshe a karyar da su ƙasa da farashin sari. Shi kuwa ya riga ya ci kamashonsa tun ranar da kika biya.

Zancen mutum biyu kuma, tsarin ƙafa biyu ne, ana jera mutanen da ke ƙarƙashinki layi biyu, hagu da dama, kuma galibi gwargwadon ƙafar da ta fi rauni ake biya. Ko dama ta cika da mutum talatin, in hagu ta kwanta, abin da za ki gani kaɗan ne. Mutane kuma suna sarewa su daina, kullum kina cikin neman madadinsu. Lissafin da ake zanawa a allo a taro ma ba ya ɗorewa: misali, in kowa zai kawo biyar, a hawa na 12 kaɗai ana buƙatar mutum sama da miliyan 244, kusan duk Najeriya har jarirai.

Kafin ki ba da ko sisi, duba lambar NAFDAC a jikin kowane kaya, ki tantance ta, ki kuma nemi rajistar kamfanin a CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista. Amma rajistar CAC shaidar suna ce kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba, wannan hurumin SEC ne, hukumar kula da harkar zuba jari da hannayen jari. In aka ce ki zuba kuɗi su ninka ba tare da sayar da komai ba, hanyar MMM ce da ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, da CBEX ta Afrilun 2025. Ki nemi tsarin biyan kamasho a rubuce, ki tambaya ko suna karɓar kayan da ba su shiga ba, da kashi nawa. Shi kuma mai gayyatar ki, ya nuna miki shigar kuɗi na wata shida a jere tare da abin da ya kashe, ba alat ɗaya da ake yawo da shi a WhatsApp ba. Malamai ma suna da magana kan kamashon kawo mutane, ki kai wa malaminki takardar ya gani.

In har za ki gwada, shiga da ƙaramin ƙunshin kaya, da kuɗin da ba na adashi ko bashi ba. Ki buɗe littafi, shiga da fita, wata uku. Abin da za ki ƙirga shi ne mutum nawa waɗanda ba mambobi ba, ba kuma danginki ba, suka dawo da kansu suka sake saye a cikakken farashi. In ba su kai biyar ba, sayar da ragowar kayan tun wa'adinsu da saura, ki tsaya nan.