Yunwar mako na biyu: zoben bai fara aiki ba tukuna

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ce.

Kin ce yau kwana goma sha uku da yi miki tiyatar rage ƙiba, aka sa miki zobe a tumbi. Makon farko ko ruwa sai an lallaɓa ki, amma tun shekaranjiya yunwa ta dawo kamar ba a taɓa ki ba, har jiya da daddare kika faki ido kika kai loma biyu ta tuwon shinkafa, ta kuma wuce salin alin. Shi ne kike tsoron ko zoben ya zame, ko kuɗinki sun bi ruwa. Ni a Alƙahira aka sa mini nawa, shekara tara ke nan, kuma a daidai irin waɗannan kwanaki na zauna bakin gado ina kuka ina ce wa maigida an cuce mu. Ba a cuce mu ba, bayani ne ba a yi mini ba.

Zoben nan na roba ne, cikinsa kamar tiyub ɗin keke, kuma yawanci fanko ake sa shi, ko da ɗan ruwa kaɗan. Akwai siririn bututu da ya taho daga jikinsa zuwa wani ɗan maɓalli da aka binne ƙarƙashin fatar cikinki, wurin da ya fi sauran ɗinkin ciwo. Ta nan ake yin allura a zuba ruwan gishiri irin na asibiti, zoben ya matse. Ba a fara zubawa sai bayan mako huɗu zuwa shida. To ƙoshin da kika ji a makon farko ba aikin zobe ba ne, kumburin tiyata ne ya toshe hanya. Yanzu kumburin ya saɓe, hanya ta buɗe, zobe kuma ba ruwa. Me zai hana yunwa?

Kuma kada ki auna kanki da waɗanda aka yanke wa tumbi, masu silib, da kike jin suna cewa sun yi wata uku ba su san yunwa ba. Su an cire musu ɓangaren da ya fi samar da girelin, sinadarin da ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon yunwa. Ke ba a cire miki komai ba, tumbinki na nan cif yana aikinsa. Masu zobe a Amurka har laƙabi suka yi wa wannan tsakanin, suna ce masa wutar masu zobe.

Maganar tuwo kuwa, ba zan ɓoye miki ba, kada ki sake. Wucewarsa ba ita ce shaidar babu haɗari ba. Likita ya naɗo fatar tumbi ya ɗinke ta a kan zoben, ana jira wurin ya warke ya riƙe shi daram. Abinci mai tauri yana sa tumbi ya yi ta murɗawa don ya niƙa, in kuma ya maƙale sai amai, kuma yunƙurin amai a waɗannan makonni na cikin manyan abubuwan da ke sa zobe ya goce. Loma biyu ta wuce, alhamdu lillahi, ki faɗa wa likitanki, a rufe babin.

Sai yadda za ki rayu da yunwar kafin ranar ƙarin ruwa. Kuskurena na farko koko ne. Da aka ce mini abu mai ruwa-ruwa kawai, sai na duƙufa a kan koko da kunun tsamiya da ruwan lemo, ina zuba sukari don in ji ƙarfi. Ba a awa ɗaya hanjina ya hau ƙugi. Duk waɗannan gari ne da zaƙi, ba sa zama. Abin da ke riƙe ciki furotin ne, wato sinadarin gina jiki, kuma abin da aka ce in nema giram 60 ne aƙalla a yini. Ki yi lissafi: kofin madara na mililita 250 yana da wajen giram 8, ƙwai ɗaya wajen giram 6. Kin ga ba da wasa ake haɗa sittin ba.

Ga abin da ya cece ni. Madara marar maiƙo, in ƙara mata cokali biyu na madarar gari ita ma marar maiƙo, ta yi kauri ba tare da ta ƙara yawa ba. Kindirmo ba sukari, a tsinka shi. Madarar waken suya da ake yi a gida, a dafa ta sosai. Romon kaza ko na kifi, a kwashe man da ya taso, a tace, ba barkono. Kunun gyaɗa ma ina sha, amma tsararo, a tace, kuma ƙaramin kofi sau ɗaya a yini don gyaɗa akwai mai. In kina da halin sayen garin furotin na kanti, yana rage wahala ƙwarai. Na kuma lura abu mai ɗumi ya fi na sanyi kwantar mini da yunwa, musamman in na sha shi da ƙaramin cokali maimakon in kafa kai.

Da aka ba ni izinin abinci niƙaƙƙe a mako na uku, duniya ta dawo sabuwa. Alale mai laushi ba mai da yawa, a dama shi da romo. Kifi a cire ƙaya tsaf, a markaɗa cikin miyar kuɓewa ko ta kuka. Awara dafaffa, ba soyayya ba. Wake a surfe, a dafa ya yi luguf, a niƙa. Cokali uku zuwa huɗu, in ɗauki minti ashirin ina ci. Amma ki bi ranakun da ke cikin takardar da aka sallame ki da ita, don likitoci sun bambanta, wani mako biyu yake ba ruwa-ruwa, wani ya fi haka. Ɗanwake, burodi, shinkafa, tsire da kilishi, ki yi musu sallama tukuna. Har yau burodi sabon gashi ba ma shiri da shi.

Dabara ta biyu agogo. Kada ki jira yunwa ta kira ki, ke za ki riga ta. Duk awa biyu da rabi zuwa uku ki sa wani abu a ciki, ko kina so ko ba kya so. Ni da salloli na ɗaura abin don kada in manta: bayan Asuba, hantsi, bayan Azahar, bayan La'asar, bayan Magariba, sai ɗan kindirmo bayan Isha. A tsakani kuma ruwa, kurɓi-kurɓi, lita ɗaya da rabi ko fiye. A zafin garinmu rabin abin da nake kira yunwa ƙishirwa ce. In kin fara cin niƙaƙƙe, ki raba ruwa da abinci da kamar rabin awa. Lemon kwalba da duk abin da ke da gas, babu. Azumin nafila ma ki ɗaga shi sai likita ya yarda, marar lafiya Allah Ya yi masa rangwame ko a na farilla.

Sannan ba duk abin da ke cizo a ciki ne yunwa ba. Akwai ƙwannafi, wanda ke zuwa da zafi-zafi a ƙahon zuciya, ya fi tsananta in ciki ba komai. In an ba ki omeprazole, maganin ƙwannafi, ki riƙa sha a kan lokaci, ni da na daina wasa da shi rabin ƙugin ya tafi. Ki guji magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, suna cin tumbi. In kuma kina da ciwon sukari kina kan insulin ko ƙwayoyi, yunwa mai zuwa da karkarwa da gumi da jiri ba ta haƙuri ba ce, sukari ne ya faɗi. Ki auna nan take, ki sha abu mai zaƙi, ki kira likita ya rage miki magani, don abincinki ya ragu sosai.

Wadda ta fi ba ni wuya ita ce yunwar ido. Ƙamshin suyar albasa da yamma, yara na cin taliya a gabana. Ga 'yan dubiya, Allah Ya saka musu, kowa da kular farfesu. Gwaggona ta zauna ta tsare ni, wai ina aka taɓa jin marar lafiya ya warke da ruwan kaza, ki ci ko tsoka ɗaya ce. Sai na koyi cewa "likita ya hana, Gwaggo, sai bayan wata", in karɓa in gode, a tace mini romon, yara su cinye naman. Girki kuma na bar wa ƙanwata mako uku. Gwajin da nake yi wa kaina shi ne: zan iya shan kofin madara yanzu? In amsar e ce, yunwa ce. In ba abin da nake so sai ƙosai, to kwaɗayi ne, sai in yi asuwaki in fita tsakar gida in zaga.

Sikeli kuma ki tura shi ƙarƙashin gado. Ni a mako na biyar kilo ɗaya na ƙara, na kusa haukacewa. Waɗannan makonni na warkewa ne, ba na ramewa ba. Ko bayan an fara ƙarin ruwa, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ake nema, kuma allurar farko ba lallai ta kai ki ba. Sai a ta huɗu na isa inda Farfesa Paul O'Brien, ƙwararren likitan tiyatar zobe a Ostareliya, ya kira koren yanki, wato ki ci kaɗan ki ƙoshi na awoyi, ba amai ba maƙalewa.

Tun yanzu ki san wanda zai yi miki ƙarin ruwan, musamman in a waje aka yi aikin. Ni na dawo gida ban shirya ba, sai da na kai mako goma ina nema. Allura ce ta musamman, ta yau da kullum tana lalata maɓallin, don haka ba aikin kemis ba ne. Ki adana katin da ke nuna irin zobenki da yawan ruwan da yake ɗauka.

In kika ga amai ya ƙi tsayawa, ko ruwa ko yawu ya ƙi wucewa, ko zazzaɓi, ko bugun zuciya da sauri, ko numfashi na yi miki wuya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko wurin maɓallin ya yi ja yana ruwa, kada ki tsaya tambayata, asibiti za ki nufa ko tsakar dare ne.

Ki faɗa mini matakin da takardarki ta ce kina kai yanzu, da ko kina shan maganin sukari, sai in rubuto miki yadda nake jera abincin yini ɗaya.