Bindigar Harbin Kifi Daga Waje: Ka Ji Ta Bakin Kwastam Kafin Ka Tura Kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Kano ne, aiki ya kawo ni Legas. Abokan aiki sun koya mini nutso, har na kan ari bindigarsu ta harbin kifi a ƙarƙashin ruwa. Yanzu ina so in mallaki tawa. Na ga wata a shagon intanet na Italiya, kuɗinta bai fi ƙarfina ba, amma wani abokina ya ce kwastam za su ƙwace ta, wai har ni ma a tsare ni. Gaskiya ne? Daga mai karatu a Apapa.

Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka ya ɗan ƙara gishiri, amma ba daga sama ya tsinto maganar ba. Matsalar kayan nan sunansu. Kai ka san mashi ne da roba ke cillawa, babu harsashi, babu albarushi. Jami'in da ya buɗe kwali kuwa, abin da zai gani shi ne mariƙi irin na bindiga, da kunama, da sandar ƙarfe mai tsini da ƙaya, ga kuma takarda da ta kira abin bindiga da Turanci. A halin tsaron da ake ciki, ba ka ga laifinsa ba idan ya ce a ajiye kwalin nan gefe.

Kwastam na duniya suna aiki da lambobin kaya iri ɗaya. Kayan kamun kifi, irin su fatsa da ƙugiya, suna ƙarƙashin lamba 9507. Babi na 93 kuwa na makamai ne, kuma lamba 9304 ta ƙunshi bindigogin da ke aiki da iska ko gas ko sifirin. Duk rigimar tana kan gidan da aka jefa kayanka. In suka faɗa babin makamai, magana ta wuce kuɗin fito, ta koma ta izini, domin a Najeriya ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro ne ke ba da takardar shaidar wanda zai yi amfani da kayan da suka shafi tsaro. Saboda haka kafin ka biya ko kwabo, ka ɗauki hoton bindigar da bayaninta ka kai wa ejan mai lasisi da ke fitar da kaya, ka tambaye shi lambar da za a shigar da ita da takardun da za a nema. In ya ce maka "bar ni da su, akwai yarana a ciki," nemi wani.

Iri biyu ne a kasuwa, mai roba da mai matsattsiyar iska. Ka sayi mai roba. Ƙaramar bindigar hannu mai iska tana cikin kayan da Najeriya ta haramta shigo da su kwata-kwata, kuma ba na so ka tsaya gaban tebur kana ƙoƙarin bambance wa mai kaki tsakanin wannan da taka. Ban da haka, mai roba ta fi sauƙin gyara: roba ta tsinke, ka ɗaura wata. Mai iska in ta fara yoyo, sai ka nemo zoben robarta daga inda aka ƙera ta.

Wasu za su ba ka shawarar ka sa mai shago ya rubuta "kayan wasa" ko ya rage farashi a rasit. Kada ka yarda. Na'urar binciken kaya ba ta karanta rasit, siffa take gani, kuma da zarar takarda ta saɓa da abin da ke cikin kwali, ka tashi daga mai sayen kayan kamun kifi, ka koma ɗan fasa-ƙwauri.

Sai batun aljihu, inda na taɓa ƙonewa da kaina. Kamfanonin aika kaya ta jirgin sama ba nauyi kaɗai suke dubawa ba, har da girman kwali: su ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, su raba da 5000. Kwalina tsawonsa santimita 140 ne, faɗi da tsayi 15-15, abin da ke ciki bai kai kilo biyu ba, amma kuɗin kilo shida da ɗoriya na biya. Kuɗin fito kuma ana lissafa shi a kan farashin kaya haɗe da kuɗin dako da inshora, sannan a ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. In kwalin ya yi kwanaki a tsare, kuɗin ajiya ma na nan yana jiranka.

Tambaya: Yayana zai dawo daga Afirka ta Kudu. Zai iya riƙo mini ita a jakarsa? Kuma wace ce mai kyau?

Zai iya, amma a jakar da ake aunawa a shigar cikin cikin jirgi, ba ta hannu ba. Ya cire mashin, ya rufe tsininsa, ya sassauta roba, ya riƙe rasit, ya kuma tambayi kamfanin jirgin tun kafin ranar tafiya. Da ya sauka ya bayyana ta da kansa. Dokar da ta hau kwalin aike ita ce ta hau jakar matafiyi. Tunda can yake, ya duba bindigar kamfanin Rob Allen, a Durban ake ƙera ta kuma an san ta da juriya. Cressi da Salvimar na Italiya da Beuchat ta Faransa ma ba su da laifi. Ya haɗo maka da mashi na biyu da ƙarin roba, don su ne ke fara lalacewa.

Tambaya: Ni masunci ne a Yawuri. Na ga bidiyon Turawa suna harbo manyan kifaye, shin za ta yi mini a kan giwan ruwa?

Ranka ya daɗe, ni dai da kuɗin nan taru zan ƙara. Bidiyon da ka gani a ruwan teku mai garau aka ɗauke shi, inda mutum ke hango kifi daga nesa. Bindigar nan da ido take aiki, kuma kai ka fi ni sanin yadda kogin Neja ke zama da damina, ka miƙa hannunka ma ba ka ganin yatsunka. In ka nace, sai da rani bayan ruwa ya kwanta, kuma gajera, mai santimita 60 zuwa 75, don doguwa mai 110 ta buɗaɗɗen teku ce. Ka fara tambayar Sarkin Ruwa da jami'an kula da kamun kifi ko an yarda da ita a wajenku. Kada a ɗana ta a kan tudu ko cikin kwale-kwale, sai a cikin ruwa. Kuma duk ranar da za ka nutsa, a samu wani a sama yana kallonka, domin mai riƙe numfashi kan suma ne ba tare da ya ji alamar komai ba, sau da yawa ma dab da fitowarsa.