Amsa kan dogon layin yin NIN: ba kullum ne laifin netwok ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Malam, na ji tambayarka, ka ce tunda an mai da komai kan intanet me ya sa har yanzu ake cika a ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa), ko netwok ne. To, netwok na da nasa laifin, amma yawancin masu komawa ofis suna ne ya mai da su.

Ka ga mu ba mu da tsayayyen sunan dangi. Mutum ya yi BVN a banki da Muhammad Sani, ya je NIN ma'aikaci ya buga Mohammed Sani ya ƙara sunan garinsu, a makaranta kuma Sani Mohammed ne. Kwamfuta mutum uku take gani. Haka ranar haihuwa, wanda ba shi da takarda sai a ce "a sa 1 ga Janairu kawai". Ranar gyara kuwa sai takardar shaida daga Hukumar Ƙidaya, a biya kuɗi, kuma kuɗin gyaran shekaru ya ninka na gyaran suna nesa ba kusa ba.

Sai maganar layin waya, wannan ita ta fi ci mini rai. Mace ta yi rajista da layin maigida, yaro kuma da layin mai kafen intanet. Tun 2021 JAMB ba ta rajista sai da NIN, za ka tura shi zuwa 55019, kuma layin da ka tura da shi ya zama naka ke nan a wurinsu. Idan na aro ne, ka shiga uku. Ko *346# ɗin nan na duba lambar NIN, sai a layin da aka yi rajistar yake aiki.

Gwamnati ma ta taimaka wa rikicin. A Disamba 2020 aka ba da mako biyu kacal a haɗa layi da NIN, ana tsakiyar korona, aka yi ta ɗage wa'adi har Afrilu 2022 da aka toshe kira daga layukan da ba a haɗa ba. Cikin wannan turereniyar wa ke tsayawa duba harafi? Ga shi rajista kyauta ce, amma wasu wuraren sai ka ba da "na fetur".

Saboda haka Malam, in za ka kai yaran, ka rubuta sunan a takarda yadda yake a makaranta, harafi da harafi, kowa da layinsa. Kuma a juyo maka fuskar kwamfutar ka karanta kafin a tura. Hajiya kuma ta jira lallen ya ɗan koɗe, yakan hana na'ura ɗaukar yatsa.